Hannun Mai Agogo

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi yana aiki a ƙarƙashin matakalar wani dogon bene da ke bakin babban titi. Shagon ƙarami ne ƙwarai. Abin da ke ciki bai wuce tebur mai murfin gilashi ba, da kujera mara majingina, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da akwatin ƙarfe mai aljihuna goma sha biyu inda yake ajiye ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi girma ba. Idan ya maƙala gilashin dubawa a idonsa, ya ɗauki hantsaki da hannun dama, yakan riƙe numfashinsa har sai ya ajiye abin da ya ɗauko a gurbinsa. Maƙwabcinsa Dogo, mai gyaran takalmi, yakan ce da za a ba Mai Agogo sauro mai ciwon haƙori, da ya cire masa haƙorin ba tare da ya tashe shi daga barci ba.

Wata Talata da hantsi hantsakin ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai ɗago ba. Dogo ne ya ciccibe shi zuwa mota. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Cikin makonni uku ƙafarsa ta dawo, harshensa ma ya warware. Hannun dama ne ya ƙi. Kafaɗar tana ɗan motsi, amma yatsun sun lanƙwashe zuwa cikin tafin, kamar na mai ɓoye wani abu. Aka tura shi sashen gashin ƙashi, wurin wata ma'aikaciya mai matsakaicin shekaru wadda kowa ke kira Sista. Ta juya hannun, ta lallatsa shi, sannan ta zauna ta fuskance shi.

"Baba, mene ne sana'arka?"

"Gyaran agogo."

"To, ka saurare ni da kyau. Kafaɗa takan riga dawowa, kada ta ruɗe ka. Yatsu su ne aikin, kuma watannin nan na farko su ne damarmu. Hannunka ya iya damƙewa, ba ya buƙatar a koya masa. Buɗewa ce ya manta."

Ta ba shi wata roba mai siffar tafin hannu da maɗaurai uku, wadda za ta riƙe yatsun a miƙe. Ta nuna wa matarsa yadda za ta shimfiɗa hannun a kan tebur ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma ce a tara masa murafan kwalba, ya riƙa ɗauka yana saki a cikin kofi, safe da rana da yamma, kuma ya zo mata duk Laraba.

Mako biyu ya yi yana bin umarnin. A rana ta goma sha biyar ya shafe kusan rabin sa'a yana kokawa da murfi ɗaya. Da ƙyar ya ɗauke shi, ya kai shi bakin kofin, amma yatsun suka ƙi saki. Ya daɗe yana kallon hannun. Mutumin da ya saba zaunar da sifirin mai sirantar gashi a cikin agogon mata, yau murfin kwalba ya gagare shi. Ya ture kofin da gwiwar hannu, ya shiga ɗaki ya kwanta, ya juya fuskarsa bango.

Haka ya zauna kwana da kwanaki. Gemunsa ya tofo bai aske ba. Matarsa takan kawo abinci ta fita da shi kusan yadda ta kawo. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a ɗakin girki inda ba zai ji ba. Larabar da ta biyo baya sai da ta kira Dogo suka tallabe shi kafin ya yarda ya je wurin Sista.

Ana cikin haka ƙanensa ya zo. Autan gidansu ne, shi ya sa har ya yi furfura ana kiransa Ƙarami. Direban motar kamfani ne, mai yawan fara'a, kuma tsakaninsa da matar wansa akwai wasa tun tana amarya.

"Matata, ina maigidan namu? Ko kin dafa shi kin cinye?"

"Da zan samu mai ci, da kai na fara dafawa, ko gidan nan ya huta da surutu. Yana ciki. Shiga ka gwada sa'arka."

Ƙarami ya zauna a bakin gadon ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihu. Ya ce akwai wani mai lacca da zai zo babban zauren taro ranar Asabar, mutumin da idan ya yi magana ko dutse sai ya motsa. Shi da kansa ya taɓa kai maigidansa wurin, ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, ya koma gida yana jin kamar ya sayi kamfanin.

"Ka saya?" in ji Mai Agogo, bai juyo ba.

"Ban saya ba tukuna, Yaya. Amma dai na ji daɗi."

Wannan ce dariya ta farko da aka ji daga bakin Mai Agogo tun da ya kwanta. Saboda wannan dariyar matarsa ta goge masa riga, ta ce ya je ko don ya sha iska.

Zauren ya cika maƙil. Mai laccar matashi ne mai tsabta, da 'yar makirufo a gefen kumatunsa, kuma gaskiya ya iya magana. Bai yi ihu da farko ba. Ya fara da labarin shekarar da ya rasa aiki ya kulle kansa a ɗaki, yadda yake jin kunyar haɗa ido da matarsa, yadda ƙarar cokali a ɗakin girki ke sa shi jin shi kaya ne a gidansa. Mai Agogo ya ji kamar an leƙa ɗakinsa an karanto. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Daga nan muryar ta fara hawa, mutane suna amsawa, har kujeru suna rawa.

"Akwai wanda aka ce masa ya gama yawo a cikin zauren nan?"

Ƙarami ya miƙe yana nuna wansa. Kafin Mai Agogo ya ankara an hau da shi dandamali, fitilu suna dukan idonsa. Mai laccar ya dafa kafaɗarsa, ya tambaye shi sana'arsa, ya maimaita wa jama'a.

"Baba, ba ni zan ɗaga maka hannun nan ba. Kai za ka ɗaga shi. Ku taya shi!"

Zauren ya ɗauki kira. Mai Agogo ya cije leɓe, ya karkata jikinsa hagu, ya tattaro duk ƙarfin da ke kafaɗarsa. Hannun ya tashi zuwa ƙirji, ya kai kunne, ya wuce kai. Yatsun suna nan a dunƙule, amma daga ƙasa abin da aka gani shi ne dunƙulen hannun mai nasara. Mutane suka miƙe tsaye, mata suna kuka, wayoyi suna ɗauka. Mai laccar ya rungume shi.

"Daga yau kada ka sake kiran kanka majinyaci. Idan ka koma gida, duk abin da ke tuna maka ciwo, fitar da shi daga ɗakinka. Kai ba mara lafiya ba ne, kai gwani ne da ya ɗan huta."

Ba za a ce laccar ba ta yi komai ba. A ranar ya aske gemu, ya cinye abincinsa ya nemi ƙari. Ranar Litinin ya sa Ƙarami ya kai shi shago, ya share ƙurar tebur da hannun hagu, ya kunna fitila. Matarsa ta yi ta godiya ga Allah, ta ce wa Ƙarami ta yafe masa surutun shekara goma.

Sai dai a safiyar wannan Litinin ɗin, kafin ya fita, ya tattara robar hannun da murafan kwalbar da katin asibiti, ya zuba a kwandon shara.

"Malam, me kake yi haka?"

"Ina fitar da ciwo daga gidana."

"Ai wannan magani ne, ba ciwo ba. Jibi fa ranar Sista ce."

"Wurin marasa lafiya ne can. Kin ga yadda suke zama a benci, kowa da sandarsa, kowa yana ba da labarin ciwonsa? Makonni biyu tana sa ni wasan yara, hannun bai wuce cibiya ba. Mutumin nan cikin minti biyar ya kai shi sama."

Ta buɗe baki za ta tuna masa abin da aka ce game da kafaɗa, sai ta dubi fuskarsa. Rabonta da ganin haske a cikinta tun kafin ciwon. Ta ji tsoron kada kalma ɗaya ta mayar da shi bango, ta yi shiru. Motar shara ta zo da hantsi ta kwashe.

Ƙarami ya kawo masa wani ƙarfe mai sifirin irin wanda masu motsa jiki ke matsawa don ƙarfin hannu. Mai Agogo ya karɓe shi da murna, domin wannan aikin maza ne, kuma hannun yana iya shi. Yana zaune a shago yana matsawa, yana tafiya yana matsawa. Kullum damƙar tana ƙara ƙarfi, shi kuwa yana ɗaukar hakan alamar sauƙi.

Zafin laccar ya kai shi kwana goma sha biyu. Da ya fara hucewa, sai Ƙarami ya zuba masa wasu laccocin mutumin a waya. Ta farko ta riƙe shi kwana uku, ta biyu yini ɗaya. Daga baya abin ya zama kamar ganyen shayin da aka yi ta ƙara wa ruwa, launi kaɗan, ɗanɗano babu. Ya haddace inda muryar za ta hau da inda za a yi tafi. Yakan kashe wayar ya dubi hannun, ya tarar da shi yadda ya bar shi.

A wata na biyu zuciyarsa ta fara raya masa ya koma wurin Sista, kuma saura kaɗan ya koma, sai dai hoton bidiyon ranar laccar ya riga ya zaga gari. Masu wucewa sukan tsaya a bakin matakala su ce, "A'a, ai wannan ne baban da ya ɗaga hannu!" Wata mata ta tsaya ta gaya masa cewa mahaifinta yana kwance da irin ciwon, kuma kullum da safe sai an kunna masa bidiyon kafin ya yarda ya ci abinci. Ta yi masa addu'a. Bayan tafiyarta ya daɗe yana tunanin bencin asibiti, da yadda zai zauna a kai, wataƙila kusa da mahaifin matar nan. Daga ranar ya koma sa riguna masu manyan aljihu, hannun dama kullum yana ciki.

Mutane suka ci gaba da kawo agogo, shi kuma ya ci gaba da karɓa. Abin da hannun hagu zai iya, kamar sauya batir ko maɗauri, yakan yi a hankali. Sauran yakan sa su a aljihun tebur ya ce a dawo mako mai zuwa. Aljihun ya cika, ya fara na biyu.

Dogo yana gani. Wata rana ya ce, "Maƙwabci, shagon gyara ka buɗe ko gidan ajiya?"

"Ka ji da ƙusoshinka, Dogo. Ka taɓa gyara abin da ya fi dunduniya wayo?"

Dogo ya yi dariya, amma bai ji daɗin dariyar ba.

A wata na biyar wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo karɓar agogon aljihunsa da ya kawo tun makonni shida. Ya ce ba ya son jin mako mai zuwa, a buɗe a gabansa a gaya masa abin da ke damunsa. Mai Agogo ya rasa hanyar kaucewa. Ya zaro hannun daga aljihu, ya tura agogon cikin yatsun don su riƙe masa, ya ɗauki abin buɗe murfi da hagu. Da ya yunƙura, hannun ya damƙe da dukan ƙarfin da ya yi watanni yana tara masa. Aka ji ƙas. Gilashin agogon ya tsage.

"Sake shi mana!" in ji malamin.

"Ina ƙoƙari."

"Bawan Allah, sake mini agogona!"

Mai Agogo yana umartar yatsun, suna ƙara shigewa. Jini ya fara ɗiga a kan tebur. Dogo ya jefar da takalmin da ke cinyarsa ya shigo, ya riƙe wuyan hannun, ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin mai jan fata. Malamin ya karɓi agogonsa, ya dubi hannun, fushinsa ya tafi. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya fita a hankali. Da ya yi zagi, da ya fi wa Mai Agogo sauƙi.

A makon ne aka ji mai laccar zai dawo. Mai Agogo ya tafi shi kaɗai, ya zauna a layin baya, da tsumma a naɗe a tafinsa. Yana fatan ko zai sake jin abin da ya ji a karon farko. Ana tsakiyar lacca aka rage fitilu, sai ga shi a babban allo, yana cije leɓe, hannunsa yana hawa. Zauren ya miƙe yana tafi. Saurayin da ke kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Baba, tashi mana! Ba ka ga abin da tsohon nan ya yi ba?"

Ya tashi.

Bayan an watse ya tsaya a ƙofar baya inda mota ke jira. Da mai laccar ya fito yana share wuya da hankici, ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, ni ne na allon."

Mutumin ya dube shi, fuskarsa ta washe. "Baba mai agogo! Ina hannun namu?"

Mai Agogo ya zaro shi ya nuna. Murmushin ya tsaya a inda yake.

"Me likita ya ce?"

"Ban koma ba. Ka ce in fitar da duk abin da ke tuna mini ciwo."

"Ni? A'a, Baba, ban ce ka bar asibiti ba." Ya sassauta murya, kuma da alama abin ya taɓa shi. "Magana ce ta tayar da zuciya. Haka nake faɗa a ko'ina. Ban san me ke cikin ɗakinka ba."

"Haka ne. Ba ka sani ba."

Wani daga cikin mutanensa ya taɓa shi ya ce ana jiransu a wani zauren. Mai laccar ya riƙe hannun hagun Mai Agogo da hannu biyu, ya ce don Allah ya koma wurin likita gobe-gobe, ya shiga mota. Har motar ta fita yana waiwaye.

Ranar Laraba Mai Agogo da matarsa suka zauna a benci tun safe. Wasu sun gane shi, ya ji ana raɗa, bai ɗaga kai ba. Sista ba ta yi masa faɗa ba. Ta warware tsumman, ta wanke yankan, ta ɗora hannun a tebur ta gwada miƙe yatsun. Suka ɗan taso kaɗan suka tsaya cak, kamar ƙofar da aka tokare ta ciki. Ta gwada wuyan hannun, shi ma haka. Ta tambaye shi abin da yake yi da hannun a watannin nan, ya gaya mata batun ƙarfen matsawa. Ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Sista, zan sake riƙe hantsaki?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban ga alama ba. Jijiyoyin sun gajarce. Yanzu abin da za mu nema shi ne tafin ya riƙa buɗuwa a wanke shi, kada farce ya huda nama. In Allah ya taimaka, wataƙila ka riƙe kofi."

"Da na ci gaba da zuwa fa?"

"Ban sani ba ko da ka koma aikinka. Babu mai iya rantse maka. Amma da mun fi haka nisa, wannan kam na sani."

Matarsa ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. A hanyar gida ta ce laifinta ne, ita ta ga an zuba kayan a shara ta yi shiru. Ya ce ta bar wannan magana, hannunsa ne ya zuba, kuma mai lafiyar ne ma.

Mako guda suka yi shi da Dogo suna mayar wa mutane agogunansu. Dogo yana ɗaukowa, shi yana faɗin mai shi da abin da ya lalace a ciki, domin duk ya san ciwonsu tun daga jin ƙararsu, gyarawar ce babu hali. Kowa ya zo sai ya rubuta masa a takarda da hannun hagu, da rubutu kamar na ɗan koyo, abin da zai gaya wa wani mai gyaran. Da aljihunan suka ƙare, ya kashe fitila ya miƙa wa mai benen makulli.

Ƙarami ya yi kwana ashirin bai taka gidan ba. Ranar da ya zo da safe, bai yi sallamar wasan da ya saba ba. Ya tarar da su a tsakar gida, matar ta ajiye kwanon ruwan ɗumi da tawul da abin yanke farce, tana fama da hannun ita kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota.

"Ka tsaya nan kamar an aiko ka karɓar gawa," in ji ta. "Zo ka riƙe mini wuyan hannun, ƙarfina ba ya kaiwa."

Ya durƙusa ya riƙe. Ta tura babban yatsanta a hankali ƙarƙashin yatsun, ta ɗaga su gwargwadon yadda suka yarda, ta shigar da jiƙaƙƙen tawul ta goge tafin, inda fata ta yi fari ta yi laushi saboda rashin iska. Mai Agogo ya kau da kai yana jan numfashi ta haƙora.

"Yaya," in ji Ƙarami, "ni na kai ka."

"Ka kai ni, na tashi daga gado. Riƙe da kyau, kana sassautawa."

Ta yanke farcen manuniya, ta koma na tsakiya. Can ta ce, "Malam, kamar ƙaramin yatsan ya fi jiya sakewa."

"Ke ma laccar za ki fara? Faɗa mini gaskiya."

Ta sake gwada yatsan, ta daɗe tana dubansa.

"Kamar jiya yake."

"To," in ji shi. "Ci gaba. Saura biyu."